A riƙa tambayarmu mata nawa suka rayu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in amayar da abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Shekarata 19 ina aikin ungozoma a wani ƙaramin asibitin karkara a Jigawa. Duk ƙarshen wata nakan baje rajistoci in cike fom: mata nawa suka zo awo, nawa aka ba gidan sauro, nawa suka haihu a hannunmu. A kai ƙaramar hukuma, a shigar a kwamfuta.

Bara da damina wata yarinya mai cikin fari ta zo awo sau huɗu. A zuwan ƙarshe ƙafafunta sun kumbura har silifas ba ya shiga, jininta ya hau 160 bisa 110. Na rubuta mata takardar zuwa babban asibiti, maigidan ya ce a bari a gama noma. Bayan kwana tara jijjiga ta kama ta da tsakar dare, ta cika a kan amalanke kafin a kai bakin titi. A gidan wani suna na ji labari, Allah Ya jiƙanta. A rahoton da na aika kuwa, tana cikin nasarorinmu, domin ta kammala awo huɗu. Har yau abin nan yana hana ni barci.

Ɗakin da ke jikin nawa na masu tarin fuka ne. Rajistarsu tana bin mutum tsawon wata 6, a ƙarshe dole a rubuta ko ya warke, ko ya rasu, ko ya daina zuwa. Saboda layin nan kaɗai, da zarar maras lafiya ya yi fashi sai abokin aikina ya hau babur ya bi shi gida. Mu ba wanda ke tambayarmu, shi ya sa ba ma bi.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ce mata 512 ke mutuwa cikin kowace haihuwa 100,000. To nawa ne daga ƙauyukan da nake dubawa? Wadda ta mutu a ɗakinta ba kasafai take shiga lissafi ba.

Roƙona ga hukumomin lafiya a matakin farko shi ne a ƙara mana layi ɗaya: ina makomar uwa da jariri a ranar arba'in? A sa masu unguwanni da limamai su riƙa sanar da mu, tunda ba a jana'iza ba da saninsu ba. Kuma don Allah kada a mai da lissafin bulalar dukan ma'aikata, in an yi haka ɓoyewa za a yi.

Wassalam,
Wata ungozoma, daga Jigawa