Barka da Ista daga tudun Galisiya

Baba da Mama,

Yesu ya tashi! Barkanmu da Ista, da fatan kun yi sujada lafiya jiya.

Ina rubuto muku ne daga wani ƙauye, O Sebreiro, can ƙwanƙolin tudu a yankin Galisiya da ke arewacin Sifaniya, mita 1,300 sama da teku. Ni da 'yan cocinmu muka ɗauko kekuna daga Fonferada za mu Santiyago, inda aka ce kabarin manzo Yakubu ɗan Zabadi yake. Mai keke sai ya ci aƙalla kilomita 200 kafin a ba shi takardar shaidar kammala wannan ziyara, shi ya sa duk inda muka yada zango sai an buga mana hatimi. Hawan nan ba wasa, ga hazo, ga sanyi mai shiga ƙashi, amma Ubangiji ya riƙe mu. Akwai tsofaffin ɗakunan dutse zagayayyu masu jinkar ciyawa, sak irin na tsohon gidan Kaka, da wani ɗan coci tun ƙarni na 9, a nan muka durƙusa muka yi addu'a.

Sai dai yau Litinin ce, ranar Galili da muke fita bayan gari mu yi shagalin Ista, mutanen nan kuwa ba su san da ita ba. Ranar aiki ce kawai, manomi ya tatsi shanunsa ya wuce. Ni kuma tun asuba hankalina yana gida. Na san yanzu Zumuntar Mata sun ɗaura anko, an ɗauko tulu da kacau-kacau, yara sun riga kowa hayewa dutsen bayan gari. Na san Mama ta kwana a gaban tanda. Masar nan taki mai ƙonannen gefe, a kwarara mata miyar taushe, a ci da hannu a kan falalen dutse, ana miƙa wa wanda ba a ma sani ba! Nan romon kabeji da dankali aka ba mu, da ɗumi, ba laifi. Na rera musu waƙar tashin Almasihu da Hausa, suka yi ta tafi, amma ba mai amsawa, sai na ji hawaye.

Ku gaishe da Kawu da iyalinsa, da Baba Fasto, da maƙwabta. Gwaggo kuwa gaisuwa ta musamman: yaya ƙafar? Kada ta ce sai ta hau dutsen nan bana, a kai mata masarta gida, a gaya mata na ambaci sunanta a addu'a, zan kuma sake a Santiyago. Auta, ka ɗauko mini muryar mata suna waƙa ka turo ta WhatsApp, in mun sauka kwari gobe zan samu sabis.

Ɗanku mai kewarku.