Masu haɗa kwamfutar gem, a daina ruɗuwa da kula mai ruwa

Assalamu alaikum Edita. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da samarinmu masu haɗa kwamfutar tebur ta buga gem, don yanzu har ƙauyukan Ringim da Taura ana buɗe shagon gem, kuma ina ganin ana ta asarar kuɗi wajen sayen kula, wato abin sanyaya furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar.

Yaro zai ga bidiyo a YouTube an nuno kula mai ruwa da fitilu kala-kala, shi ke nan shi ma ita zai saya. To masu bidiyon nan a ɗaki mai AC suke gwajinsu, mu kuwa a Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, kuma babu kular da za ta sauko da furosesa ƙasa da zafin ɗakin da take ciki, ita ta ruwan ma ai iskar ɗakin fanka take hurawa a jikin radiyeta. Ga kuma famfo a cikinta, ranar da ya mutu furosesa zai haura digiri 95 ko 100 ya rage gudu da kansa, gem ya dinga sarƙewa ko kwamfutar ta ɗauke gaba ɗaya, to wa zai gyara maka a ƙauye? Sai dai ka shiga mota zuwa Beirut Road a Kano ka nemo wata.

Kula ta iska kuwa bututun jan ƙarfe ne da faranti-farantin alminiyam, fanka ce kawai za ta iya lalacewa, ka cire ka sa wata. Yawancinmu fa ba mu wuce furosesa irin su Ryzen 5 5600 ba, wat 65 ne, yana ma zuwa da ƙaramar kularsa a kwali, amma saboda zafinmu gara ka ƙara kuɗi ka ɗauki mai tsayi kamar Hyper 212 ko Peerless Assassin 120, wallahi ta ishe ka har da rara.

Kafin ka biya ka tambaya ko tana hawa soket ɗin madabod ɗinka, wato mazaunin furosesa a jikin babban allon kwamfutar, AM4 ne ko AM5 ko LGA1700, kuma ka auna kes, wato akwatin kwamfutar, don dogayen nan suna kai santimita 15 zuwa 16, wani kes ɗin murfinsa ba zai rufu ba. A ɓare ledar da ke manne a gindin kular kafin a ɗaura, da yawa suna mantawa, man da ake shafawa tsakanin furosesa da gindin kular kuma kamar ƙwayar wake ya isa.

Sai ƙura, ita ce babbar matsalarmu, da hunturu faranti-farantin nan toshewa suke yi. A dinga hure su da bulowa, amma a riƙe fankar kar ta juya, kuma a ɗaga kwamfutar daga ƙasa a ɗora kan tebur, musamman shagon da ke bakin hanyar da babu kwalta.

Naku,
Wani mai shagon gem daga Ringim, Jihar Jigawa