Ba tsoron sabuwar manhaja muke yi ba: amsa ga tambayar da aka yi mini

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa. A taron da aka yi kan sabuwar manhaja ka ambaci sunana a bainar jama'a, ka ce: shin mu malaman firamare mun ma san yadda ake koyar da kimiyya, ko kuwa fakewa muke yi da kukan rashin kayan aiki don mu rufe jahilcinmu? Ba a ba ni damar magana a wurin ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Batun kayan aiki ba zai tsayar da mu ba. Ban taɓa neman ɗakin gwaje-gwaje ba. Bokitin ruwa, batir, guntun waya da ƙwan tocila sun fitar da ni kunya a darussa da dama. Abin da ya sosa mini rai shi ne kalmar jahilci. Shekara 23 ke nan ina riƙe da alli, kuma yaran da suka bi ta hannuna suna nan da ransu, a je a tambaye su.

Yaro ba ya shigowa aji da kai fayau. Da nasa bayanin yake zuwa: duk abu mai nauyi nutsewa yake yi, iri kuma ba ya tsirowa sai da hasken rana. In na rubuta masa daidai a allo zai haddace, ya ci jarrabawa, amma a ransa yana nan kan bakansa. Sai ran da ya jefa 'yar ƙusa a ruwa ta nutse, ya jefa katakon da ya fi ta nauyi ya ga yana lilo a sama, sannan zai yi tsit. Sai ya sa iri a jiƙaƙƙiyar auduga cikin rufaffen akwati, ya buɗe bayan kwanaki ya tarar da tsiro dogo siriri, ba kore. A nan nake tambayarsa me ya hana ganyen yin kore, in bar shi ya yi gardama da 'yan'uwansa, ya zana abin da ya gani. Wannan darasi kaɗai yakan ci mako biyu. Manhajarku kuwa kowane mako da sabon babinsa, ga jarrabawar da ba ta neman komai sai hadda.

Tunda kana yawan buga misali da ƙasashen waje, mu je can. A Faransa, masanin kimiyya Georges Charpak, wanda ya samu lambar Nobel a 1992, ya jagoranci La main à la pâte, shirin koyar da yaran firamare kimiyya ta hanyar gwaji, a 1996. Bai tsaya zargin malaman firamare ba. Masana kimiyya aka haɗa da su suna taimaka musu, kowane yaro kuma da littafin da yake rubuta gwajinsa da kalmominsa. A Ingila dokar ilimi ta 1988 ta sa kimiyya a sahun gaba tare da lissafi da Ingilishi, amma da aka soke jarrabawarta ta ƙarshen firamare bayan 2009, makarantu da yawa suka rage mata lokaci. Manhaja na nan a takarda, jadawali da jarrabawa ne suka yanke hukunci.

Ba na son yi maka mummunan zato, amma tambayarka ta zo daidai lokacin da iyaye suka fara tuhumar kwamitinku na manhaja. Ɗora wa malami laifi ya fi sauƙi a kan amsa musu. Mu ne dai ake tarawa bitar kwana 3, a miƙa mana kundi, a ce mu koma aji, alhali mutum ɗaya ke koyar da lissafi da karatu da kimiyya duka. Ba a neme mu ba lokacin da ake rubuta manhajar, sai da aka gama.

Wata 7 da suka wuce na aika wa kwamitinku jerin babukan da nake ganin a rage domin gwaji ya samu wuri. Har yau ko amsar an karɓa ban samu ba. Ita nake jira, ranka ya daɗe.

Naka,
Malamin aji huɗu