Modam ya shiga, konsol bai haɗu da saba ba

Assalamu alaikum Injiniya,

Barka da ƙoƙari. Ina bin shirinka na amsa tambayoyi kan kwamfuta, shi ya sa na kawo maka wata matsala da ta sha mini kai.

Ni ne mai kula da na'urori a wani ɗan kamfani. Lissafin kaya da na albashi duk suna kan wata tsohuwar saba (babbar kwamfutar da sauran kwamfutoci ke aiki da ita) ta IBM, irin AS/400 ɗin nan da ta fito a 1988, aka sauya mata suna zuwa iSeries a 2000. Ita dai lafiyarta ƙalau. Kwamfutar da ke zaman konsol ɗinta, wato wadda ake sarrafa sabar da ita, ce ta mutu, wadda waya ta siriyal ta haɗa su kai tsaye. Ma'aikata ba su ma lura ba, tunda ta netwok suke shiga. Ni ne hankalina ya tashi, domin idan za a kwafe dukan abin da ke cikin sabar don ajiya, sai an tsayar da komai har da TCP/IP, wato haɗin netwok, kuma a lokacin konsol kaɗai ke iya magana da ita. Haka nan shiga DST, wato kayan gyara na cikin sabar, idan ta ƙi tashi. Yanzu da wani abu zai same ta, ba ni da ƙofar shiga.

Na samo wata kwamfuta mai Windows XP, na sa mata Client Access tare da Operations Console, manhajar IBM da ke mayar da kwamfuta konsol. Ka san wannan haɗin ba ya tafiya sai an sa direban modam, wato manhajar da Windows ke sarrafa modam da ita, ko da yake babu modam na gaske a tsakani. Direban ne ke sa Windows ta ɗauki wayar kamar layin tarho, ta buga kira ta cikinta zuwa sabar. Na shiga a matsayin admin, na je wurin ƙara modam, na hana Windows nema da kanta, na nuna mata fayil ɗin cwbopaoc.inf da ke cikin Aoc\Inf, na zaɓi fot, wato ramin da ake jona wayar, na sa gudu a 115200. Modam ya bayyana a jeri, ba wata alamar matsala. Amma da na ce ya haɗa, sai ya tsaya a kan ana haɗawa, ba gaba ba baya.

Inda nake zargi shi ne wannan kwamfutar ba ta da fot na siriyal mai fil 9. Adafta na sa ta USB, Windows kuma ta ba ta wata lambar fot ta COM can sama, na dawo da ita COM1 da hannu. Shin irin wannan adafta tana ɗaukar wannan aikin kuwa, ko dole sai fot na asali ko katin da ake sawa a cikin kwamfuta? Idan an sauya lambar fot bayan an riga an sa direban, sai an cire modam ɗin an sake sa shi? Wayar ba na tuhumarta, don ita ce ta asali da tsohuwar kwamfutar ke amfani da ita, kuma sabar na nan a kan lamba 2 ta nau'in konsol, wato na waya kai tsaye.

Babbar tambayata kuma ita ce ko wahalar nan ta cancanta. Maigidanmu yana so a koma konsol na LAN, wato ta netwok, lamba 3 ke nan, a huta da modam gaba ɗaya. Yana da hujja, domin daga IBM i 7.1 na 2010, wato sigar babbar manhajar irin wannan sabar, an daina tallafa wa haɗin waya kai tsaye. Abin da ke tsorata ni shi ne sauya nau'in konsol alhali babu konsol mai aiki a hannu. Sai dai a yi ta maɓallan gaban injin da lambobin umarni 65 da 21, kuma idan aka yi kuskure a nan, an rasa na wayar, ba a samu na LAN ba. Ra'ayina a fara tayar da na waya tukuna, a kwafe komai, sannan a yi sauyin. Shi kuwa yana ganin ɓata lokaci ne.

Don Allah Injiniya, wanne za ka fara yi da kai ne? In akwai hanyar gwada adaftar ita kaɗai kafin a sayi kati, ka taimaka ka bayyana ta a shiri mai zuwa.

Allah ya ƙara basira.

Naka,
mai sauraronka kullum