Wasiƙa zuwa ga Ummi a kan sankarar mama

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ummi, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da 'yar jaririyarku. Na zaɓi in rubuto miki maimakon in kira ki a waya, domin maganar nan tana buƙatar ki karanta ta a natse.

Watan nan Innarki, 'yar'uwata, ta cika shekara biyu da rasuwa, kuma akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Ta fara jin ɗan ƙullutu kamar ƙwayar gurjiya a mamanta na hagu, to da yake ba ya ciwo, sai ta yi shiru kusan shekara guda tana fama da jiƙe-jiƙe da shafe-shafe, saboda kunya da tsoron kada a ce za a yanke. Ranar da ta kwance min zane na gani, fatar wurin ta koma kamar ɓawon lemo, kan maman kuma ya shige ciki. Da muka je asibiti, likita ya ce ciwon ya riga ya bazu. Allah ya jiƙanta da rahama. Likitan ya ja kunnena cewa tunda uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ni da 'ya'yana mata sai mun fi kowa lura.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an gano wannan ciwo a jikin mata kimanin miliyan 2.3, kuma a Najeriya shi ne dajin da ya fi kama mata. Babu abincin da ke warkar da shi, kada wani mai tallar magani ya yaudare ki, amma yadda mace ke tafiyar da jikinta yana rage haɗarin.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙiba. Na san surutun da ake yi wa amarya da mai jego, wai idan ba ta yi ɓul-ɓul ba mijinta ba ya ciyar da ita, har wasu yaran suna shan ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe. Kada ki kusance su. Kitsen da mace ta tara yana samar da istirojin, wato sinadarin jiki da ke da hannu a al'adar mace da girman mama, musamman bayan ta daina al'ada, shi kuwa sinadarin nan shi ke ciyar da mafi yawan irin wannan sankarar. Ƙibar da kika tara yau da wuya ta sauka kina shekara 50. Ki rage lemon kwalba da soye-soye da sukarin da kike zabgawa a zoɓo, ki koma wa abincin da na raine ki da shi: tuwon dawa da na gero, acca, wake, kwaɗon zogale da rama, miyar alayyafo da kuɓewa, sai gwanda ko kankana a madadin cincin.

Ki riƙa motsa jiki, aƙalla minti 150 a mako, wato tafiyar sauri ta rabin awa kwana biyar. Zagayen tsakar gida bayan asuba ma ya wadatar. Giya kuwa tana ƙara haɗarin, kuma na san ba tarbiyyarki ba ce, amma shishar da ta shigo gidajen biki ita ma ki nisance ta.

Kada ki yi gaggawar yaye yarinyar nan don komawa aiki. Bincike ya nuna kowace shekara ɗaya ta shayarwa tana rage haɗarin da kusan kashi 4 cikin 100, ga shi kuma Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu cikakku.

Kowane wata, kwana kaɗan bayan kin yi wankan tsarki, ki tsaya gaban madubi ki duba, ki lalube maman biyu da tafin yatsunki har cikin hammata. Idan kika ji ƙullutu, ko kika ga jini yana fita, ko fata ta sauya, ki je asibiti cikin makon, kuma ki gaya wa likita labarin Innarki domin ya faɗa miki lokacin da ya kamata ki fara hoton mama. Ni ma na yi nawa a watan jiya, alhamdulillahi ba a ga komai ba.

Na ba ƙaninki busasshen zogale da garin acca ya kawo miki ranar Asabar. Ki gaishe min da maigidan naki.

Mahaifiyarki.