Masu tallan barin nama, ku riƙa faɗa wa mutane har da wahalarsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan tsarin cin abincin nan da ake ce wa bigan, wato mutum ya bar nama da kifi da ƙwai da madara har da zuma, duk abin da ya fito daga jikin dabba. A Ingila aka raɗa masa wannan sunan a 1944, amma yanzu ga shi nan a wayoyin yaranmu, kullum bidiyo a Facebook ana cewa ka bar nama ka ga lafiya, babu mai faɗin abin da zai biyo baya. Ni na shiga, shekara uku ke nan, kuma har yau ina ciki, shi ya sa nake ganin ina da bakin magana.

Abin da ya sa na fara, wata rana ce a Kwangila, nan Zariya, na ga tirela ta tsaya maƙare da shanu za a kai Kudu, an ɗaure su an jibga wani kan wani cikin rana, wata saniya ido ya kafe tana ta kumfar baki, wallahi na dawo gida na kasa taɓa naman da ke cikin miya.

Mutane sun ɗauka tsada ce matsalar, to gaskiya ba ita ba ce. Mu nan abincinmu ai dama rabinsa tsiro ne, ga wake da shinkafa, ɗanwake, ƙosai, awara, kwaɗon zogale da ƙuli, miyar kuka da daddawa, in ka shiga kasuwar Sabon Gari kuɗin kilo ɗaya na nama sai ya saya maka waken suya da zai kai ka kwanaki. Inda kuɗin ke tafiya shi ne tukunya biyu, don uwargida dole ta dafa tawa miyar daban, gas biyu wahala biyu, kuma Allah ya saka mata da alheri ba ta taɓa yi min gori ba. A waje kuma sai ka yi ta tambayar mai abinci, Hajiya da romo aka yi miyar nan? an sa man shanu? alalar akwai kifi a ciki? har ta gaji ta ce Malam in ba za ka ci ba ka ba wasu wuri. Fura ma sai dai in dama da ruwa.

Amma wanda ya fi ci min rai zumunci ne. Babbar Sallar farko Inna ta soya hantar ragon layya ta ware min nawa a ɗan kwano kamar yadda take yi tun ina yaro, ta miƙo min ta ce ungo ɗan nan, na ce Inna na daina ci. Ba ta ce komai ba, ta rufe kwanon ta ajiye gefe ta juya baya tana gyara wuta, wannan shirun har yau yana damuna. Ranar sunan ɗiyata ni na sayi ragon, kowa na ci ina zaune, surukaina na ta kallona, wani ma ya ja ni gefe ya ce ko dai ka shiga wata aƙida ce? Sai da na je wajen malaminmu a cikin birni, ya ce barin ci ba laifi ba ne matuƙar ban ce haramun ne ba, don ba a haramta abin da Allah ya halatta, kuma in ci gaba da yin layyata. Ni ma ban taɓa cewa haramun ne ba, zuciyata ce kawai ta ƙi.

Sai maganar jiki, kuma ita ce ainihin dalilin wannan wasiƙa. Bayan wajen shekara biyu na fara jin gajiya da jiri, tafin ƙafata kamar ana tsira min allurai, in na hau mashin daga Tudun Wada zuwa Samaru sai in sauka ƙafa ta sage. Na sha maganin maleriya, na sha na taifot, shiru. Da aka auna jinina sai likita ta ce wani bitamin da ake kira B12 ne ya yi ƙasa, shi kuma a nama da kifi da ƙwai da nono ake samunsa, zogale da wake ba su da shi komai yawan da ka ci. Ta ce hanta na ajiye shi na shekaru, shi ya sa da farko mutum zai ji garau yana ta yabon tsarin, alhali ajiyar ce ke ƙarewa, in kuma aka bar shi ya daɗe yana iya lalata jijiyoyi lalatar da ba ta gyaruwa. Allurai aka yi min, yanzu kuma ƙwayar B12 nake sha ba fashi, wannan kuɗi ne da ba zai taɓa fita daga kasafina ba. Ta kuma hana ni shan shayi kan abinci don yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, ta ce in riƙa haɗa abincin da lemon zaƙi ko ɗanyen tumatir.

Edita, roƙona shi ne ku samo likitoci da masana abinci, ga su nan da yawa a Zariya, su yi bayanin nan da Hausa a shafinku na lafiya. Musamman saboda mata masu ciki da masu shayarwa, don in uwa ba ta da B12 jaririn da ke shan nononta ma ba zai samu ba, kuma ƙwaƙwalwarsa ce ke girma a lokacin. Akwai wata ƙanwar matata da ta fara wannan tsarin watan jiya tana da ciki wata huɗu, na yi mata bayani ta ce ai ta gani a bidiyo ba komai, jibi in sha Allah ni da yayarta za mu raka ta awo a duba jininta.

Naku mai karatu,
daga Tudun Wada, Zariya