Wasiƙa zuwa ga aminina a Kumasi: Baturen da ya bi sawun 'yan cin rani

Sakkwato

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kai da iyali kuna lafiya. Mu nan sai godiya. Hunturu ya shigo da ƙurarsa, an gama girbi, samarin ƙauye kuma sun fara cika tasha.

Ka ce dattawan zango suna yawan gaya maka kakanninsu daga ƙasar Sakkwato suka taso, kana tambaya ko akwai wanda ya rubuta wanga al'amari da hujja. Akwai. Sunansa Mansell Prothero, malamin labarin ƙasa ne da ya yi yawancin aikinsa a Jami'ar Liverpool ta Ingila, fanninsa kuma mutane ne da zirga-zirgarsu.

A ranin 1952 zuwa 1953 an tsayar da masu ƙidaya a kan manyan hanyoyin fita daga Lardin Sakkwato, wanda a lokacin ya haɗa da Zamfara da yawancin Kebbi na yau. Aka ƙirga matafiya fiye da 250,000 a rani guda, har da mutanen Nijar da ke ratsowa ta nan. Prothero ne ya zauna da waɗannan alkaluma, ya fitar da maƙala a 1957, sannan cikakken rahoto a 1959. Ya nuna inda suke dosa: gonakin koko na ƙasar Yarbawa, da Gwalkwas, wato Ghana ta yau, inda kake zaune yanzu, da wasu garuruwan Arewa. Abin da ya fi kama ni shi ne bai ɗauke su kamar waɗanda suka gudu suka bar gida ba. Ya gane mutum yana fita ne bayan kaka don a rage bakin da ke cin rumbu, ya samo kuɗin haraji da na sutura da na aure, ya komo kafin ruwan shuka. Kowace tsohuwa a Gwadabawa ta san haka, amma shi ya sa shi a takarda da adadi, yadda masu mulki ba su iya kawar da kai.

Daga nan aikin nasa ya ɗauki wata hanya, kuma a ganina nan ne girmansa yake. A 1955 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da zazzaɓin cizon sauro, dabarar kuwa ita ce fesa magani a bangon ɗakuna. An gwada irin wannan feshi a yankin Birnin Kebbi tun shekarun 1950. Prothero, wanda ya yi wa hukumar aikin ba da shawara, ya ja hankalinsu ga abin da likitoci suka tsallake: wane ne yake kwana a ɗakin da aka fesa? Bafulatani yana ruga, masunci yana bakin gulbi, mai lambu yana bukka a fadama, maniyyaci yana kan hanyar Makka da ƙafa ta Chadi da Sudan, wani ya shekara da shekaru bai isa ba. Ko an tsabtace gari, baƙo zai shigo da cutar a jininsa, sauron garin ya ɗauka ya raba. Wannan ne jigon littafinsa Migrants and Malaria na 1965. A 1969 hukumar ta sassauta burin kawar da cutar gaba ɗaya.

Daga baya shi da William Gould suka tsara yadda za a rarrabe tafiye-tafiye a Afirka: ta yini, ta kwanaki, ta rani, da ƙaura ta dindindin. Ya kuma haɗa kai da Murray Chapman, mai nazarin tsibiran tekun Fasifik, suka nuna cewa fita da komowa ɗabi'ar talakawa ce a ƙasashe da yawa. A 2012 da masu bincike suka bi motsin wayoyin salula kusan miliyan 15 a Kenya don gano yadda maleriya ke yaɗuwa, tambayarsa ce suke amsawa da sabon kayan aiki.

Ba na ɓoye maka inda aikin ya gaza. Ƙidayar ta zamanin Turawa ce, hankalinsu yana kan leburori da haraji, don haka maza ne suka cika ta. Matar da aka bari da yara da rumbu rabi, da wuya ka ji ɗuriyarta.

Abin da ke ci mini rai shi ne yau tafiyar ta sauya fuska. Mutanen Sabon Birni da Isa da Goronyo da yawa ba neman kuɗi ya fito da su ba, 'yan bindiga ne suka tashe su, damina ta faɗi ba su koma gona ba. Ana rabon gidan sauro da maganin yara gida-gida, aikin alheri ne, amma wanda ke kwana a kango ko a tasha yana iya faɗuwa daga lissafi. Ina so ɗalibanmu su fita su ƙirga waɗannan bayin Allah, su tambaye su daga ina, zuwa ina, yaushe suke sa ran komawa.

Don Allah ka zauna da dattawan nan tun suna raye, ka rubuta sunayen garuruwansu na asali da hanyar da iyayensu suka bi, ko ta Yawuri ce ko ta Gaya ta Nijar. Ka aiko mini, ni kuma in nemi danginsu a nan.

Ka gai da maiɗakinka da yara. Allah shi sada mu da alheri.

Naka amini.